Florence Nightingale: An Tuna Da Fitila, An Manta Da Buroshi

Mai karatu, duk wanda ya taɓa leƙa makarantar koyon aikin jinya, ko ya halarci bikin yaye ɗalibanta, da wuya a ce bai ci karo da hoton wata Baturiya mai doguwar riga ba, riƙe da fitila tana duba sojojin da ke kwance cikin dare. Wannan ita ce Florence Nightingale, wadda duniya ta amince ita ce ta aza harsashin aikin jinya na zamani, har aka keɓe ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, a matsayin ranar ma'aikatan jinya ta duniya. Hoton yana da daɗin kallo, yana kuma sosa zuciya. Sai dai a nawa ganin ya tauye wa matar haƙƙinta, domin abin da ya ceci rayuka a tarihinta shi ne buroshi da sabulu da yashe magudanar ruwa da buɗe tagogi, sai kuma wani abu da ba a cika danganta shi da aikin jinya ba, wato lissafi. A kan haka nake so mu yi nazarin rayuwarta a yau, saboda matsalar da ta shafe kusan shekara 50 tana faɗa da ita, wato cutar da majinyaci ke ɗauka a cikin asibitin da ya je neman lafiya, har gobe tana nan tana cin mutane.

An haife ta a 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, inda iyayenta, attajirai 'yan Ingila, suka yada zango a doguwar tafiyar da suka yi bayan aurensu, sai suka raɗa mata sunan garin. Ta tashi cikin daula, tsakanin manyan gidaje biyu na mahaifinta. Mahaifin nata, William Nightingale, ya yi abin da ba a saba gani ba a wancan zamani: shi da kansa ya zaunar da ita da yayarta ya koyar da su Girkanci da Latin da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da tarihi da falsafa. Ita kuma ta nace sai da aka bar ta ta zurfafa a ilmin lissafi. A watan Fabrairun 1837, tana 'yar shekara 16, ta ji a ranta cewa Ubangiji Ya kira ta zuwa ga wani aiki, ko da yake sai bayan wasu shekaru ta gane cewa aikin shi ne kula da marasa lafiya.

Da ta furta wannan buri sai gida ya rikice, kuma in za a yi adalci, iyayen suna da hujjarsu. Asibitin Ingila na wancan lokaci wuri ne da talaka ke zuwa idan dabara ta ƙare masa, mai hali kuwa a gidansa ake jinyarsa. Matan da ke aiki a ciki ba su da horo, kuma an yi musu shaidar shan barasa da rashin kamun kai. Mahaifiyarta da yayarta suka ƙi ƙememe. Ita kuwa ta ƙi auren da ake kwaɗaita mata, har da na wani mawaƙi ɗan majalisa mai suna Richard Monckton Milnes, wanda ya yi shekaru yana nemanta. Ta shiga karanta rahotannin asibitoci da na kiwon lafiyar birane a ɓoye, tana tattara alƙaluma. Sai a 1851 ta samu ta yi 'yan watanni tana koyon aikin a wata cibiyar addini da ke Kaiserswerth a Jamus, sannan a 1853 aka ba ta shugabancin wani ƙaramin gidan jinyar mata a Landan. A lokacin ta kai shekara 33.

Ana cikin haka sai yaƙin Kirimiya ya ɓarke tsakanin Rasha da daular Turkawa, kuma a 1854 Ingila da Faransa suka shiga don mara wa Turkawa baya. Wakilan jaridar Times suka riƙa aiko da labarin yadda sojojin Ingila ke mutuwa babu mai kula da su, alhali takwarorinsu na Faransa suna da matan coci da ke jinyarsu. Jama'a suka fusata. Sakataren harkokin yaƙi, Sidney Herbert, wanda da ma sun san juna, ya nemi ta jagoranci tawagar mata zuwa can. Ta bar Landan ranar 21 ga Oktoban 1854 da nas-nas 38, suka isa Sukutari, wata unguwa da ke tsallaken ruwa daga tsakiyar birnin Istanbul, ranar 4 ga Nuwamba. Washegari aka gwabza ƙazamin faɗa a Inkerman.

Abin da ake kira asibiti a Sukutari tsohon barikin sojan Turkawa ne, ƙaton gini da ke zaune a kan magudanar ƙazanta da ta toshe, ta yadda iska kan kwaso warin masai ta watsa shi cikin ɗakunan kwanciya. Daga fagen fama ana ɗauko marasa lafiya a jirgin ruwa, a ratsa Bahar Aswad da su tafiyar kusan mil 300, a zube su cikin tufafin da suka yi makonni a jikinsu. An ƙiyasta cewa layin shimfiɗun majinyata ya kai tsawon mil huɗu. Ga kwarkwata, ga ƙuma, ga ɓeraye, babu isasshen sabulu, babu tawul, babu kwanon wanke hannu. Da farko likitocin soja suka yi biris da ita, ita kuma ta hana 'yan tawagarta taɓa kowa sai an nemi taimakonsu. Da raunatan Inkerman suka yi ta kwararowa, dole ta sa aka neme su.

Daga cikin abubuwan farko da ta saya da kuɗin gudummawa har da buroshin wanke daɓe guda 200. Ta kama hayar gida a kusa, ta sa aka kafa tukwanen dafa ruwa, ta ɗauki matan sojoji aikin wanki. Ta samo riguna da barguna da cokula, ta buɗe kicin na musamman don waɗanda ba sa iya cin abincin barikin. Da dare kuma takan zaga ɗakuna da fitila, abin da ya jawo mata laƙabin da ya bi ta har kabari.

To, a nan ne labarin da ake ba yara yakan tsaya, kuma a nan ne ainihin darasin ya fara. Duk da wannan ɗawainiya, mutuwa ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. A hunturun farko sojoji fiye da 4,000 suka mutu a wurin, kuma a watan Fabrairun 1855 mace-macen sun kai kashi 42 cikin ɗari na waɗanda aka yi jinya. Waɗanda atini da kwalara da taifod da zazzaɓin da kwarkwata ke yaɗawa suka kashe sun ninka waɗanda raunin yaƙi ya kashe kusan sau goma. Soja ya tsira daga harsashin Rasha, ya zo ya mutu a gadon asibitin ƙasarsa: an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Badaƙalar yaƙin ta kayar da gwamnatin Ingila a watan Janairun 1855, kuma sabuwar gwamnati ta tura kwamitin tsaftar muhalli, wanda ya haɗa da wani likita, John Sutherland, da wani injiniya, Robert Rawlinson. Sun isa a watan Maris. Suka yashe magudanai suka kora musu ruwa, suka kwashe tulin shara da mushen dabbobi, har da mushen doki da aka tarar a hanyar ruwan da asibitin ke amfani da shi. Suka huda rufi don iska ta riƙa fita, suka shafe bango da farar ƙasa, aka rage cunkoso. Zuwa watan Yuni mace-macen sun sauko zuwa wajen kashi biyu cikin ɗari. Gaskiya ne wucewar sanyi da ingantuwar abinci da sutura sun taimaka, amma gyaran ginin ya taka muhimmiyar rawa wajen karya lagon annobar.

Ta koma gida a watan Agustan 1856 a asirce, da sunan aro, don guje wa gagarumar tarbar da ake shirya mata. A lokacin babu macen da ta kai ta suna a Ingila in ban da Sarauniya Biktoriya. Wata ce da sai ta miƙe ƙafa ta ci gajiyar yabon. Ita kuwa sai ta zauna da wani gwanin ƙididdiga na gwamnati, William Farr, suka bi alƙaluman yaƙin ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon ya yi ɗaci: sojojin Ingila fiye da 16,000 cuta ce ta kashe su, mafi yawa irin cutar da za a iya kaucewa, kuma asibitin da ita kanta ta yi aiki a ciki yana kan gaba wajen asarar rayuka. Abin da ya fi burge ni a rayuwar matar nan shi ne yadda ta karɓi wannan sakamako. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A rubuce-rubucenta ta danganta saukar mace-macen da aikin kwamitin tsafta, ta kuma ɗauki Sukutari a matsayin hujja cewa kulawar nas komai kyanta ba ta isa ta ceci majinyaci ba matuƙar ruwan da yake sha da iskar da yake shaƙa da shimfiɗar da yake kwance a kai gurɓatattu ne.

Ta yi amfani da sunan da ta samu ta gana da Sarauniya, ta matsa har aka kafa hukumar binciken lafiyar sojoji a 1857 a ƙarƙashin Sidney Herbert. Ta rubuta rahoto mai shafi fiye da 800. Da yake ta san manyan mutane ba sa karanta jadawali, sai ta zana wani da'ira da aka yanka gida 12 kamar yankan kankana, kowane yanki wata guda, shuɗi na nuna waɗanda cuta ta kashe, ja na nuna na rauni. Kallo ɗaya mutum zai yi ya ga shuɗin ya haɗiye jan. Ta kuma nuna cewa ko a lokacin zaman lafiya, sojan da ke barikin Ingila ya fi sa'ansa farar hula haɗarin mutuwa kusan ninki biyu, duk da cewa lafiyayyu ake tantancewa a ɗauka aikin soja. A 1858 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta a matsayin mace ta farko a cikin mambobinta.

Duk wannan aiki ta yi shi ne ba ta da lafiya. Tun a 1855 ta kamu da wani zazzaɓi a Kirimiya, wanda likitocin zamaninmu da dama ke ganin irin wanda ake ɗauka daga ɗanyar madara ne, kuma daga 1857 ta shafe shekaru masu yawa kusan kullum a kwance. Daga ɗakinta ta rubuta dubban wasiƙu, ministoci da gwamnoni suna zuwa neman shawararta. A littafinta kan gina asibiti ta kafa ƙa'idar cewa sharaɗin farko a kan asibiti shi ne kada ya cutar da mara lafiya, ta kuma tsara dogon ɗaki mai tagogi hagu da dama, da tazara tsakanin gadaje, kowane ɗaki a ware da ɗan'uwansa. A ɗaya littafin, Notes on Nursing, wanda ya fito a ƙarshen 1859, ta lissafa abubuwa biyar da lafiyar gida ta rataya a kansu: iska mai kyau, ruwa mai kyau, magudana mai aiki, tsafta da haske, sannan ta umarci nas da ta riƙa wanke hannunta a kai a kai cikin yini. Da kuɗin da jama'a suka tara don karrama ta, fiye da fam 44,000, aka buɗe makarantar koyon jinya a Asibitin St Thomas da ke Landan a 1860 da ɗalibai 15, kuma waɗanda suka fito daga can su ne suka bazu cikin duniya suna kafa irinta.

Akwai wani lamari da ba a cika ambata ba, wanda a wurina ya fi labarin fitila daraja. Daga wannan asusu an buɗe sashen horar da ungozomomi a Asibitin King's College. Da zazzaɓin masu jego ya riƙa kashe mata a sashen, sai aka rufe shi a ƙarshen 1867, duk da cewa sunanta ne a kansa. Ta shiga tattara alƙaluman haihuwa daga wurare daban-daban, ta wallafa sakamakon a 1871, inda ta nuna cewa haɗa masu haihuwa da sauran marasa lafiya a babban asibiti yana jefa su cikin haɗari, ta ba da shawarar ƙananan ɗakunan haihuwa da ke ware. Kada mai karatu ya ɗauki wannan a matsayin hujjar ƙin haihuwa a asibiti a yau, domin wancan zamani ne da ba a san ƙwayoyin cuta sosai ba. Darasin shi ne ta ƙirga gawarwaki, ta yarda da abin da lissafi ya nuna, ta tsayar da aikin. Haka kuma ta san nas ma ba ta tsira ba: ɗalibarta Agnes Jones, wadda ta je gyara asibitin gajiyayyu na Liverpool a 1865, zazzaɓin kwarkwata ya kashe ta a 1868. Hatta Indiya, wadda ba ta taɓa taka ƙasarta ba, binciken da ta tsaya a kai ya gano a 1863 cewa sojojin Ingila 69 cikin kowane dubu ke mutuwa a can duk shekara, kuma bayan shekara goma na gyaran ruwa da magudanai adadin ya sauko zuwa 18.

Ba na cewa matar nan ba ta da aibu. Mai kaifin harshe ce, ba ta da haƙuri da mai nawa, kuma ta riƙa matsa wa Sidney Herbert da aiki alhali ciwon ƙoda na cin sa, har ya rasu a 1861. Bugu da ƙari, ta daɗe a kan ra'ayin zamaninta cewa gurɓatacciyar iska mai tashi daga ƙazanta ita ce ke haddasa cuta. Tun a 1847 wani likita a birnin Biyana, Ignaz Semmelweis, ya nuna cewa wanke hannu da ruwan kulorin yana rage mutuwar masu jego ƙwarai da gaske, amma abokan aikinsa suka yi watsi da shi. Sai da Louis Pasteur da Joseph Lister da Robert Koch suka kawo hujjojinsu kafin duniya ta yarda da ƙwayoyin cuta. Da hujja ta bayyana, Nightingale ta bi ta, kuma rubuce-rubucenta na shekarun 1880 sun ƙunshi umarni ga nas-nas kan amfani da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta. Bayaninta na farko ya kauce, amma maganin da ta dage a kai, wato tsafta, ya dace da abin da kimiyya ta tabbatar daga baya.

A 1907 ta zama mace ta farko da aka ba lambar girma ta Order of Merit. Ta rasu a Landan ranar 13 ga Agustan 1910 tana da shekara 90. An yi tayin binne ta a inda ake binne sarakuna da manyan ƙasar, danginta suka ƙi bisa wasiyyarta, aka kai ta maƙabartar wani ƙauye kusa da gidan mahaifinta. Haruffa biyu na farkon sunanta da ranakun haihuwa da rasuwa kaɗai aka rubuta mata.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwanmu da Baturiyar da ta mutu fiye da shekara ɗari? Ruwanmu yana da yawa. Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta shugabanci nas-nas a asibitin koyarwa na Ibadan a 1964, daga baya kuma ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa, a makarantar nan ta St Thomas ta shiga a 1946. Sannan zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, nas ya fara kashewa, kuma nas ɗin da ta yi jinyarta a Jos ita ma ta kamu ta mutu. Ebolar da ta shiga Legas a 2014 ita ma ta ci likitoci da nas-nas, ciki har da Dokta Ameyo Adadevoh. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce a cikin majinyata 100 da aka kwantar, bakwai a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe irin namu za su ɗauki wata cuta a asibitin, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka zai mutu. A shekarar ce kuma hukumar da UNICEF suka bayyana cewa rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin wanke hannu.

Tun 2009 hukumar ta fayyace lokuta biyar da ma'aikacin lafiya zai tsaftace hannunsa: kafin ya taɓa majinyaci, kafin aiki irin su allura da wankin ciwo, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa abin da ke kewaye da shi. Nas-nas ɗinmu sun haddace wannan tun suna makaranta. Amma me nas za ta yi da haddar idan famfon ɗakin ya bushe, idan safar hannu sai mai jinya ya fita ya sayo, idan ita kaɗai ce a kan ɗaki guda cikin dare? Sukutari ya riga ya amsa wannan tambaya: da nas-nas 38 da shugaba irin Nightingale, mutuwa ba ta sauka ba sai da injiniya ya zo. Saboda haka kira na ga kwamishinoni da shugabannin asibitoci da masu tsara kasafi shi ne, kafin a sayo sabuwar na'urar da za a yanke zare a gaban kyamara, a tabbatar da ruwa da sabulu da banɗaki da wurin ƙona shara a kowane ɗakin kwanciya. A kuma riƙa ƙirgawa: ciwon tiyata nawa ya ruɓe a wannan wata, mai jego nawa ta yi zazzaɓi, jariri nawa ya kamu, ma'aikaci nawa allura ta soka. A rubuta, a baje a faifai, kada a hukunta wanda ya kawo rahoto, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mu kuma masu zuwa dubiya, mu rage cika ɗakin majinyaci da zama a bakin gadonsa, mu wanke hannu da shiga da fita. Idan 12 ga Mayu ta zagayo aka kunna fitila ana jawabai, ya dace wani daga cikin manyan baƙi ya zaga ɗakunan ya murɗa famfo ya gani ko ruwa na zuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma kare masu jinyarsu.